Gari na Huɗu

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ina da shagon buga takardu kusa da Ƙofar Kabuga. Wani ɗan takara ya ba ni aron kwamfuta don in riƙa buga masa takardun kamfe, da sharaɗin zai ɗauke abarsa ranar rantsuwa. Da aka gama zaɓe aiki ya tsaya, har ya zama saura mako uku a yi rantsuwar. A cikin kwamfutar na tarar da wani wasa: a ba ka fili da mutane kaɗan, ka kafa gari, ka raya shi. Daga daji kuma mahara suna fitowa ba sallama. Na ɗauri niyyar sai na kai gari ɗaya ƙarshen wasan kafin a ɗauke ta.

Ni ɗan unguwar Sheshe ne, jikan fatake. A wurinmu tsarin gari sananne ne: rijiya, sannan kasuwa, sannan hanyar ayari. Haka na bi. Garin farko, mahara suka ƙone kasuwar kafin ta ci sau biyu. Na biyu, suka tare ayarina a hanya, suka biyo sawunsa har gida. Na uku bai ma kai ga ayari ba.

Taubashina, mai ɗinkin hula a shagon da ke jikin nawa, yakan leƙo da zare a baki.

"Bawana, an sake cinye ka?"

"Koma kan hularka."

"Sa'a ce ba ka da ita. Ni jiya da na taɓa, na shiga wata bukka a dajin, aka ba ni dawakai kyauta. Kai ka shiga irinta, ƙarti takwas suka fito da gatari. Ko a kwamfuta an san mai baƙin jini!"

Gaskiya ya faɗa game da bukkar, shi ya sa abin ya ci min rai. Amma ban yarda sa'a ce za ta yanke min hukunci ba. Na ɗauki takarda na rubuta yadda kowane gari ya faɗi, ɗaya bayan ɗaya. Duka ukun, na gina abin sata kafin abin tsaro. Kunya ta kama ni, domin kullum ta gefen ganuwa nake wucewa zuwa shago, kuma na san kakanninmu har da gonaki suka kewaye a cikinta.

A gari na huɗu na juya tsarin. Ganuwa tukuna, mai faɗi, gonaki a ciki, ƙofa ɗaya tak. Ban shiga bukka ko ɗaya ba. Wannan karon ma fili mara kyau aka ba ni, duk fako, ginin ya ci kwana tara. Mahara suka zo sau biyar. A na uku suka fasa kusurwar gabas, na kwashe manoma na toshe ta, amfanin shekarar ya lalace.

Da hantsin ranar rantsuwa direban ɗan takarar ya zo. Na ce ya zauna, na sa aka kawo masa fura. Kafin ya shanye, wasan ya kai ƙarshe. Cikin garuruwan da ke cikin wasan, nawa ne na baya a arziki, kasuwarsa rumfa biyu, amma yana tsaye.

Taubashina ya duba allon ya ce, "Wannan gari ne ko garke?"

Na ce, "Ƙirga mutanena, ka ga ko an ɗauki ɗaya."

Ya ƙirga, suna nan cif. Na kashe kwamfutar, na naɗe wayoyinta, na miƙa wa direban.