Littafin Yaya Bashiru da Aka Ƙona

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana Bashiru, kuma har yau ban huce ba. An ce in yi haƙuri. Na yi haƙuri da mutuwa, don ita ta Allah ce. Abin da mutane suka yi ne ya tsaya mini a wuya.

Yaya ya karanta ilimin kwamfuta, ya dawo Talata Mafara ya ƙi neman aikin ofis. Ya haɗa wata 'yar na'ura mai batir, ya kafa ta a bakin magudanar da ke kai ruwan Bakolori gonakinmu na wajen Bakura. Da ruwa ya iso, sai ta aika wa manoma saƙo a waya. Matsalarta ɗaya: batir ba ya jimawa. Ya bi diddigi wata da watanni, har ya gano ɗaya daga cikin ɓarayin cajin.

Ni ya yi wa bayani, don ni kaɗai ke saurarensa, ina ɗauke da sakandare kawai. Ya ce ƙwaƙwalwar na'ura tana jera lambobi kamar mutane a benci. In aka ce su matsa, na ƙarshe ya faɗi, nan take takan ɗaga wata alama mai nuna ko bencin ya zama wayam. Amma manhajar da ke juya rubutunsa zuwa harshen na'ura sai ta ƙara umarni: a je a duba bencin. Ga alamar nan a ɗage, amma ana sake aike. Kuma sau ba adadi a yini, kowane aike na cin batir.

"Rabi, in kin ga ruwa ya jiƙa miki ƙafa, za ki aika a tambayo ko an buɗe magudana?"

Gani ya kori ji, na ce masa. Ya gyara tasa na'urar da hannu, sannan ya rubuta wa masu kula da manhajar, can wata ƙasa. Suka amsa cewa ya kawo hujjar awo. Ya cika littafi guda da gwaje-gwaje, layi-layi na sifiri da ɗaya a cikin gidaje. Saura ya aika, zazzaɓi ya kwantar da shi. Kwana tara.

Bayan sadakar uku, Kawu Sani, ƙanin mahaifinmu, ya zo daga Maradun rabon tufafin mamaci. Ya buɗe littafin, ya ga lambobi a cikin gidaje, ya yanke hukunci cewa hatimi ne, yaron ya shiga tsibbu. Na rantse masa aiki ne. Ya ce in rufe baki, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. To, ga abin da babba ya hango: ya jefa aikin shekara guda a murhu, wai yana rufa wa mamaci asiri. Shafi ɗaya na fizgo, gefensa a ƙone. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rashin tambaya ya fi shi muni. Tambaya ɗaya ta ishi Kawu.

Su ma masu manhajar na can ban yafe musu ba. Da suka ji shiru, suka rufe maganar, wai mai ƙorafi bai dawo ba. Babu wanda ya ce bari ya gwada da kansa.

Da Yaya zai leƙo yau, zai ga kowa da babbar waya, ana ta kukan caji. Na san dariya zai yi, ya ce ana nan ana aiken duba benci. Zai kuma ga na'urarsa tana nan a bakin magudana. Kawu da kansa, da saƙonta yake sanin ranar ban-ruwan shinkafarsa, bai taɓa cewa tsibbu ba ne.

Bara na ɗauki hoton shafin nan, wani abokin karatun Yaya ya taya ni aika wa masu manhajar, da sunan Bashiru a sama. Sunan kawai nake so ya zauna inda ya dace. Wayata za ta yi ƙara in sun amsa, na sani sarai. Duk da haka kullum da safe sai na buɗe na duba. Aikin banzan da ka tsana ke nan, Yaya. Allah ya jiƙanka, ka yi haƙuri da ni.