Daga Woolwich Zuwa Ɗakin Ƙirga Ƙuri'a a Dublin

Juma'a

Ƙarfe shida da kwata, bayan sallar asuba, na bar gidana a Woolwich. Ofishinmu ne ya tura ni Ireland in aiko wa masu sauraro rahoton zaɓen majalisa. Daga tashar Euston jirgin ƙasa ya yi kusan awa huɗu da mu zuwa Holyhead, daga nan jirgin ruwa kuma awa uku da 'yan mintuna zuwa Dublin. A tashar Dublin jami'i ya duba bizata, ya ce, "Zaɓe ka zo kallo? To ka tanadi haƙuri."

Malam Sabi'u, mutumin Zariya mai aikin jinya, shi ya tarbe ni. Ya daɗe da zama ɗan ƙasa. Kafin mu je gida sai da ya tsaya a wata firamare ya jefa ƙuri'a. Minti shida ya yi a ciki.

"Har ka gama?" na ce.

"Lamba kawai ake sawa, Malam. Wanda ka fi so ɗaya, mai bi masa biyu. In na farkon ya faɗi, ƙuri'arka ta koma kan na biyu."

Uwargidansa ta yi mana tuwon shinkafa miyar kuka. Muna ci ya bayyana mini cewa 'yan majalisa ke fitar da firaminista daga cikinsu, shugaban ƙasa kuwa kusan uba ne kawai.

Asabar

Ƙarfe tara aka zazzage akwatuna a wani ɗakin wasanni, jama'a na jingine da shinge suna kallon kowace takarda. Ban ga bindiga ko ɗaya ba. Wajen la'asar wani daɗaɗɗen ɗan majalisa ya rasa kujerarsa. Idonsa ya yi ja, amma ya taka har wurin matar da ta kayar da shi ya miƙa mata hannu.

Wata dattijuwa da ke kusa da ni ta tambaya, "Kai wa ka zaɓa a ƙasarku?"

Shekara goma sha biyu rabona da layin zaɓe, don mu na waje ba mu da ƙuri'a. Sai na tuna layin firamaren unguwarmu a Funtuwa: rana, ƙura, gardama, mahaifinmu da kujerarsa ta roba yana cewa ba zai tashi ba sai an ƙirga a gabansa. Duk wahalarsa, layin nan na ji ina so.

Lahadi

Na iso Woolwich da magariba lafiya, alhamdu lillahi. Allah ya saka wa Malam Sabi'u da iyalinsa da alheri. Ko takalmi ban cire ba na kira yayana.

"Yaya, zaɓe mai zuwa da ni za a yi."

"Haka ka ce wancan karon."

Sai ya ƙara da cewa, "Katinka na zaɓe dai yana nan a akwatin Inna. Ta hana kowa taɓawa."