Shaidar Wanda Bai Gan Ta Ba

A wurinmu uwa ba ta sa baki a sha'anin 'yar fari. In ana shawara a kanta, sai ta tashi ta nemi abin yi a madafa. Na riƙe wannan kara har ɗiyata ta zama likita, ina can ina sarin shinkafa a Gummi ina kaiwa Bukkuyum ranar kasuwa.

Da ta gama aiki a Anka sai ta nemi gurbin horon ƙwarewa a fannin yara. Ana son takardar shaida daga manyan likitoci biyu. Ɗaya ta samu. Ta biyun ce ta tara mu.

Baffanta, yayan marigayi mijina, ya zo da maganarsa a gama. Akwai wani farfesa a Abuja da suka yi makarantar allo tare, ya ce a aika masa sunanta ya sa hannu. Wadda ta duba aikin yarinyar a ɗakin yara kuwa wata likita ce mai faɗa, ta sha sa ta kuka. Tsoron tunkararta yarinyar take yi.

Ina bakin ƙofa da faifai a hannu. Ya kamata in wuce. Sai na zauna.

Na ce, "Yaya, shi farfesan ya taɓa ganinta tana duba yaro?"

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. "Ke da 'yar fari? Ina kunyarki?"

"Tana nan. Amsa nika so."

"Sunanshi kaɗai ya isa."

Na gaya masa abin da na sani. In dillali ya yaba mini buhun da bai zura hannu ciki ba, daga kalamansa nake ganewa: mai kyau ce, mai kyau ce, ba zai iya cewa ta wace fadama ce ba. Masu tantance likitoci ba su fi ni wauta ba. In suka buga wa farfesa waya suka tambaye shi yadda take da uwar da ɗanta ke suma, me zai ce?

Baffa ya ce ya riga ya ba farfesan baki, ya yi alkawari. Na ce ya je ya karɓo bakinsa, gurbin ba nasa ba ne. Ya saka takalmansa ya fita ba sallama.

Ɗiyata ta ce, "Inna, in ta rubuta laifina fa?"

"Ta rubuta. Ai ta gani."

Washegari na sa ta a motar Anka. Likitar ta ce za ta rubuta har da nawar da ɗiyata take yi a aiki da farko, in ta yarda. Ta yarda, kuma ta sami gurbin.

Baffa bai zo barka ba. Mutane sun matsa in je in ba shi haƙuri. Na aika masa shinkafar sabuwar kaka, domin yaya ne. Haƙurin dai ban bayar ba.