Ciwon ya ragu, ƙafar ta ƙi tashi

Yau Talata. Na tashi da ɗan sauƙi, sai dai sanyi ya sandarar mini da gwiwoyi.

Da hantsi na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ina shan rana. Da na zo tashi, ƙafa ta ƙi. Na dafa bango, na dogara sanda, duk a banza. Sai da maƙwabciyata Maman Nanret ta ajiye bokitinta ta ɗaga ni.

"Baba, ba kun ce ciwon ya ragu ba?"

"Ya ragu, 'yata. A da yana hana ni barci, amma ina takawa har kasuwa. Yanzu ya lafa, ga shi tabarma ma ta fi ƙarfina."

"To ku bar zaman ƙasa mana!"

Na yi dariya, amma sai na shiga tunani. Ƙofar gida akwai masu wucewa. Banɗaki fa? Ni kaɗai nake gidan nan.

Masu ciwon gwiwa, haka naku ma ya juya?

Ɗan ƙanena ya ce yau zai zo daga unguwar Daɗin Kowa ya kafa mini ƙarfen dafawa a banɗakin. An kira magariba, bai zo ba.