Kwalin Celestine

Duk wanda ya taɓa bin hanyar tashar jirgin ƙasa a Kafanchan ya san shagon Celestine, ko bai leƙa ba ya ji ihun da ke fitowa daga ciki. Shagon gem ne: talabijin a jere, benci, da samari suna buga ƙwallo da yatsu suna zagin juna. Shi kansa mai shagon ɗan guntun mutum ne mai saurin hawa, ɗan tsohon ma'aikacin reluwe. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma gyaran waya, daga baya ya gano cewa yaran garin nan sun fi son gem a kan tuwo. Iyaye mata kuwa ba su taɓa yafe masa ba. In yaro ya faɗi jarrabawa, Celestine ne. In ya ƙi zuwa gonar citta, Celestine ne. Shi dai ya sha zagi har ya saba.

A ƙofar shagon akwai Hulda mai suyar awara, da 'yarta Keziya, yarinya siririya mai fama da sikila. Keziya ba ruwanta da ƙwallo, tseren mota take so, kuma in ta riƙe hannun gem sai ƙattin samari su fara neman uzuri. Da damina ta yi nisa ciwon ya kayar da ita, aka kwantar da ita a ɗakin yara na asibiti, wannan karon kuwa ya zo da ƙarfi. Celestine ya je dubiya, ya tarar da yara kwance sun zuba wa silin ido, ga talabijin a bango ba mai kunnawa.

"Kawu Cele," in ji Keziya, "hannuna ƙaiƙayi yake yi. Yaushe za ka kawo mini mota?"

"Kafin sati ya zagayo," in ji shi. Bai ko tsaya tunani ba.

Washegari ya baza tsofaffin faya-fayan gem da tsohuwar na'ura a kan tabarma ya buɗe gwanjo, yana shelar cewa duk abin da aka samu na yaran asibiti ne. Mutane suka ba shi mamaki. Har Alhaji Mijinyawa mai sayen citta, wanda bai san gaba da bayan gem ba, ya kwashi faya-faye ya ce a ba duk wanda ke so. Da abin da aka tara Celestine ya sayi batir saboda ɗauke wuta, da sababbin hannayen gem, ya haɗa da na'urar da ta fi kowace kyau a shagonsa, ya zuba a kwali ya manne.

To, a nan ne ya tafka kuskuren. Ya ce bari ya bi da kwalin ta coci a sa masa albarka. Albarka kawai fa! Addu'ar da ba ta kai a sha ruwa ba.

Baba Azariya, dattijon ikilisiya kuma shugaban kwamitin ziyarar asibiti, ya ɗora hannu a kan kwalin ya yi addu'a mai tsawo. Da aka ce amin Celestine ya sunkuya zai ɗauka, sai ya ga hannun bai tashi ba.

"Ina za ka da shi, ɗana?"

"Asibiti mana, Baba."

"Haka kawai, a bayan mashin, kamar kayan sata? Abin da ya shigo gidan Ubangiji ai ya zama na ikilisiya. Sai an ƙaddamar."

Jama'a, wanda bai san ƙaddamarwa a ƙasar nan ba bai san wahala ba. Ba a miƙa ko bokiti sai da rumfa, da babban tebur, da shugaban taro, da uwar taro, da babban mai ƙaddamarwa. Aka kulle kwalin a siton coci, kusa da buhunan cittar Baba Azariya da yake ajiyewa a can don kada ɓarayi su gani. Aka sa rana. Zumuntar mata suka ce ba za su fita ba anko ba, tela kuma ya tafi biki Kwoi. Aka ɗaga. Mawaƙa suka ce waƙar ba ta zauna ba. Aka ɗaga. Shugaban taro ya yi tafiya Kachia, ya aiko cewa kada a kuskura a yi babu shi. Haba! Celestine ya yi roƙo, ya yi faɗa, ya cire hula ya buga da ƙasa, amsar dai ɗaya ce: "Ka yi haƙuri, ɗana, abin Allah ba a gaggawa."

Ita kuwa Keziya kullum ƙara zubewa take. Celestine ya fara jin kunyar shiga ɗakin, don da ya leƙo sai idonta ya sauka a hannunsa, ba a fuskarsa ba. Ran nan Hulda ta tare shi a baranda, idonta ya kumbura.

"Cele, in za ka kawo, ka kawo. Likita ya daina kallona in yana magana."

Shi ke nan. Da ma shi ke gyara lasifikar coci, makullin sito na aljihunsa. Da rana tsaka ya shiga, ya farke kwalin, ya kwashe kayansa, ya cika shi da busasshiyar cittar Baba Azariya don nauyi, ya manne kamar ba a taɓa ba. A asibiti Nas Rahmatu ta dube shi, ta dubi wayoyin da yake jonawa, ta ce ita ba ta ga komai ba, amma ya rage ƙara. Aka tallafo Keziya da filo. Hannu ɗaya na ɗaure da ƙarin ruwa, haka nan ta tsere wa duk wanda ya gwada ta, har da shi mai shagon. Yaran da ke iya tafiya suka jawo sandunan ruwansu suka kewaye gadon.

Ta samu kwanaki tana tuƙi. Sannan ta rasu, aka binne ta, 'yan kwamiti ma sun je sun yi waƙa.

Ƙaddamarwar kuwa ba a fasa ba, ina! Anko ya ɗinku ai. Aka kafa rumfa a harabar asibiti, aka yi jawabai har rana ta karkata. Shugaban taro ya karɓi almakashi ya buɗe kwalin, sai ƙamshin citta ya bugi babban tebur. Daga tagar ɗakin yara kuwa ana jiyo rurin motoci da shewa. Baba Azariya ya ɗebi cittar ya duba, ya gane tasa ce.

Majalisar dattawa ta zauna a kan maganar. Celestine ya ce shi bai ga yadda mutum zai saci kayansa ba, suka ce ya kunyata ikilisiya a gaban baƙi, kuma har yanzu bai nuna tuba ba. Aka sa shi a ƙarƙashin horo: ba cin jibin Ubangiji, kuma sai bencin baya, inda ake zaunar da masu laifi kowa ya gan su.

Ranar Lahadi ya zauna can shi kaɗai yana huci, rabin benci fanko. Ana cikin waƙar farko sai Hulda ta tashi daga layin zumuntar mata, ta ratso tsakiyar coci, kowa na waiwaye. Ta tsaya a kansa.

"Matsa mini."

"Maman Keziya, nan fa wurin masu horo ne."

"Na sani," in ji ta, ta zauna ta gyara zani. "Ta yi dariya, Cele. Da kunnena na ji."