Igiyar Kawu a Ƙarƙashin Gada

Kawuna, yayan mahaifiyata, tufkar igiya ce sana'arsa, igiyar rama ta ɗaure shanu. Da aka gina shaguna a filin da yake aiki a kasuwar Kazaure, sai ya rasa wuri, don igiya tana son tsawo da inuwa, gidansa kuwa ko shanya da ƙyar ake yi. Ya koma zaure ya zauna. Wata uku, bawan Allah ya rame, ya fara cewa shi fa tasa ta ƙare. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ni na hango ƙarƙashin gadar bakin gari, ɓangaren tudu da ruwa ba ya kaiwa ko da damina. Inuwa ce zalla daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi! Sai dai juji ne, ga zarni kamar ya tsinka hanci. Na bi 'yan unguwa gida-gida, mai unguwa ya amince, muka yi gayya ranar Asabar. Kai, ranar an yi aiki! Shebur, baro, mata da tsintsiya, har maƙwabcinmu mai faci, Kirista ne daga kudu, ya kawo fenti. Na rubuta a ginshiƙi da manyan baƙaƙe: AN HANA FITSARI DA ZUBA SHARA. Na ja da baya ina kallon rubutuna, ina jin kaina.

Kwana biyu kacal! Na tarar an jiƙe daidai ƙasan rubutun nawa, ga ledojin shara an watsar. Na yi ta bambami ni kaɗai kamar sabon kamu. Na je na gaya wa Kawu.

Ya dube ni ya ce, "Kai da bokonka. Wanda fitsari ya matsa, karatu zai tsaya yi? Ɗauke ni mu je."

Na goya shi a babur. Ya sa ni da 'yan unguwa biyu muka kwaso duwatsu daga gindin tsauni, ya duba gabas, ya jera su layi, ya fitar da ɗan gurbin liman. Muka zuba yashi mai tsabta, ya ajiye buta biyu. Da azahar ya ja mu salla, mu huɗu.

Shi ke nan fa! Wa zai tsuguna kusa da wurin salla? Ko ledar ruwa ba a ƙara yarwa ba. Mai faci ya kwaso kayansa ya kafa a can ƙarshe, masu nono suka samu wurin hutawa.

Ran kasuwa na biya. Igiya miƙe tsakanin ginshiƙai, Fulani biyu tsaye suna jira, Kawu ya naɗe wando yana murza rama a cinya, gumi sharkaf. Daɗi ya cika ni, na nufe shi da sauri zan gaishe shi.

Ko ɗagowa bai yi ba.

"Kai! Matsa can, kana taka mini igiya!"