Keken Da Na Saya Don Haushi

Likita ne ya ce in riƙa motsa jiki, shi ya sa na je wajen wani mai sayar da kekuna a unguwar Adjamé Liberté. Ya fito min da kekunan hawan tudu guda biyu. Ɗaya yana da sifirin gaba da baya, ɗayan kuma a gaba kawai, bayansa ƙarfe ne zalla.

Ban ko buɗe baki ba, ya dubi tumbina da furfurata, ya ce, "Tonton," wato kawu, "ɗauki mai sifirin biyun. Wancan na samari ne, ƙugunka ba zai iya ba."

Raina ya ɓaci. Ni da nake kai kaya kasuwa a keke tun kafin a haife shi! Na ce a ba ni na samarin.

Washegari na hau daga unguwar 220 Logements har tashar jirgin ruwa ta Treichville. Babu ramin da ban ji shi a ƙashin bayana ba. A taksi na dawo gida, ni da keken.

Kwana uku matata tana gasa min ƙugu da ruwan zafi tana ƙunshe dariya. Wannan dariyar ta fi ciwon ƙona min rai, har na ƙi cin abincinta ranar Juma'a.